Tambaya da Amsa: In dokin sukuwa ya gama gudu, ina ake kai shi?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk maganar dawaki ce, na zaɓi biyar da suka tafi hanya ɗaya. Na ɗan rage tsawon wasu saboda fili, masu su su yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Wani abokina ya turo min bidiyo wai wata gona ce a Amurka da ake ajiye tsofaffin dawakin sukuwa, ba hawa ba aiki sai ci da kwanciya har su mutu, mutane ma har biya suke su shiga kallonsu. Ni dai na ce ƙarya ne don ban ga ribar ba. Gaskiya ne? In gaskiya ne wa ke biyan kuɗin abincin? Daga wani mai karatu a Katsina.

AMSA: Ɗan'uwa abokinka bai yi maka ƙarya ba, akwai su, kuma ba ɗaya ba ne. Wadda ta fi suna ita ce Old Friends da ke garin Georgetown a jihar Kentucky, wani tsohon ɗan jarida mai suna Michael Blowen ne ya kafa ta a 2003, kuma riba kam ka yi gaskiya babu, da gudummawar jama'a da kuɗin masu zuwa kallo take tafiya.

Amma bari in ba ka labarin da ya sa aka farka, don sai da shi za ka gane. Akwai wani doki Ferdinand, shi ya ci Kentucky Derby a 1986, wato babbar sukuwar Amurka gaba ɗaya, shekara na zagayowa 1987 ya ci wata babbar sukuwar, Breeders' Cup Classic, aka ba shi gwarzon dokin shekara, kuɗin da ya ciyo wa masu shi ya haura dala miliyan 3 da rabi. Da ya gama gudu aka ajiye shi barbara, 'ya'yansa ba su yi abin kirki a fili ba, sai aka sayar da shi Japan a 1994, can ma dai shiru, aka yi ta miƙa shi daga wannan hannu zuwa wancan har ya faɗa hannun dillali. A 2003 mujallar dawaki ta Blood-Horse ta bi sawunsa, abin da aka gano shi ne tun 2002 ya tafi, kuma dukkan alamu sun nuna a mayanka ya ƙare. Tab. Dokin da duniya ta tafa wa. Kafin shi ma an yi Exceller, wanda a 1978 ya kayar da manyan zakaru biyu Seattle Slew da Affirmed a tsere guda, shi ma a mayanka ya ƙare a ƙasar Suwidin a 1997. To ka ga in masu suna irin waɗannan za su ƙare haka, ina ga dokin da bai taɓa zuwa ko na uku ba?

Tun daga nan masu sayar da ingarmu waje suka fara sa sharaɗi a takarda cewa in an gama da doki a dawo musu da abinsu. Shi ya sa Silver Charm, wanda ya ci Derby na 1997 ya kuma ci kofin Dubai a 1998, da ya gama zamansa a Japan aka ɗauko shi a jirgi a 2014 aka kai shi Old Friends ɗin nan.

Lissafin da ke ƙarƙashin maganar mai sauƙi ne. Irin dokin tseren Turawa, wanda suke kira Thoroughbred, yana fara gudu tun yana shekara 2 ko 3, mafi yawa kafin su kai 6 ko 7 sun gama, ko rauni ya tsayar da su ko kuma gudun ya ƙi. Amma doki yana kai shekara 25 har 30 in ya samu kula. Wato ya yi maka aiki shekara uku ko huɗu, ya bar maka shekara ashirin na ci da sha da likita da gyaran kofato, ba ko sisi da zai shigo. Kuma a Amurka da Kanada kawai ana haifar irinsu wajen 17,000 duk shekara. Babu gonar da za ta ɗauke wannan.

Shi ya sa ƙungiyoyin da ke karɓar tsofaffin dawakin tsere suka kasu gida biyu. Akwai masu riƙe doki har mutuwa, irin Old Friends, su yawanci tsofaffi da masu raunin da ba za su sake hawuwa ba suke karɓa. Akwai kuma masu gyara shi su sake koya masa wani aikin su nema masa sabon gida, irin New Vocations da aka fara a jihar Ohayo a 1992. Na biyun su ke ɗauke mafi yawan nauyin, don duk dokin da ya fita ya bar wa wani gurbi, shi kuwa gidan riƙo har mutuwa in ya cika ya cika, sai wani ya mutu a ɗauki wani.

Wadda ta fi burge ni ita ce Thoroughbred Retirement Foundation, tun 1983 take, a 1984 suka haɗa kai da gidan yarin Wallkill a jihar New York, aka kai dawakin gonar gidan yari fursunoni ke kula da su, suna koyon wanke doki da ɗaure ƙafa da gane ciwo, in mutum ya fito yana da sana'a a hannu. Amma ko ita ba ta tsira ba, a 2011 jaridar New York Times ta ruwaito cewa an samu wasu dawakinta a rame a gonakin da take ba riƙo saboda kuɗi sun yi ƙasa. Niyya mai kyau ba ta sayen ciyawa. A 2012 aka kafa Thoroughbred Aftercare Alliance, aikinta ta je ta duba gonakin nan ta tantance su sannan ta raba musu kuɗin da ake tarowa daga masu dawaki da masu kiwo da kamfanonin gwanjo da filayen sukuwa.

TAMBAYA: Salam Malam. Muna zaune a Ingila ni da maigida da yara. 'Yata mai shekara 14 tana zuwa koyon hawa, yanzu ta tasa ni gaba wai ta ga tsohon dokin sukuwa a intanet da arha sosai, kusan kyauta, wai in ba mu saya ba yanka shi za a yi. Kullum kuka. Babanta ya ce ba ruwansa. Don Allah ya zan yi? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya sannu da fama. A gaishe da 'yar tamu, tausayin da take da shi abu ne mai kyau, amma kar ki saya. Aƙalla ba wannan ba kuma ba yanzu ba.

Na farko wannan maganar ta "in ba ku saya ba gobe za a yanka" tsohuwar dabarar dillalai ce, a Amurka ma har sana'a ta zama, a sa hoton doki a Facebook a ce mota na zuwa ranar kaza, masu tausayi su yi ta turo kuɗi, dillali ya karɓa ya je ya sayo wasu. Na biyu, kuɗin sayen doki shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ki kashe. Tunda ba gona gare ku ba sai kin biya haya a barga duk wata, ga ciyawa, doki mai kilo 500 yana cin wajen kilo 10 a rana, ga mai gyaran kofato duk sati 6 zuwa 8, ga mai duba haƙori duk shekara, ga rigakafi, ga inshora, ga bargon sanyi don su irin nan fatarsu ba kauri. Fam dubbai ne duk shekara, kuma ranar da ciwon ciki ya kama shi cikin dare aka ce sai tiyata, nan ne babanta zai gane cewa da ruwansa.

Sai kuma shi dokin kansa. Mutane suna ɗauka tunda an hore shi to ya horu, a'a, an hore shi ne don abu ɗaya tak. Ki duba yadda joki, wato mahayin tsere, ke hawa, dokin na tafiya ake cilla shi sama, don haka shi bai san a ce tsaya cak in sa ƙafa a likkafa ba, yarinya na ɗaga ƙafa zai yi gaba. Sannan a wajen tsere an koya masa ya jingina da linzami, in ka ja da ƙarfi shi a wajensa cewa ka yi a ƙara wuta, to ki ɗauka ya ɗan firgita ya zabura, 'yarki ta tsorata ta ja linzami iya ƙarfinta kamar yadda kowane ɗan koyo zai yi, me kike gani zai faru? Bai saba da dogayen ƙafafu suna taɓa masa ciki ba tunda joki a tsugune yake a sama. Bai saba fita shi kaɗai ba, kullum cikin ayari. In ya ji lasifika ko ya ga dawaki sun wuce a guje jikinsa sai ya hau rawa gumi na zuba, shi a ransa lokacin aiki ya yi. Ba mugunta ba ce wallahi, da yawansu akwai daɗin hali kuma sun saba da mota da hayaniya da aski da wanka fiye da sauran dawaki, amma sai gwani ya zauna ya warware musu tsohon karatu.

Ga kuma ciwon da ba a gani a hoto. Binciken likitocin dabbobi ya nuna mafi yawan dawakin da ke cikin horon tsere, kamar 8 ko 9 cikin 10, suna da gyambon ciki saboda yawan hatsi da zaman barga. Wani jijiyar ƙafa ce ta taɓa tsagewa, wani gwiwa, wani ƙashin baya. Shi ya sa ƙungiyoyin kirki ba sa ɗora wa doki sirdi da zuwansa, sai sun sake shi a fili sati da yawa ko watanni, a rage masa hatsi a hankali, ya koyi zama da 'yan'uwansa, jikin ya sauka.

Abin da zan ba ki shawara, ki nemi Retraining of Racehorses, ita ce ƙungiyar da hukumar sukuwar Birtaniya ta amince da ita kan wannan harka tun 2000, za ki samu cibiyoyin da aka tantance ta hanyarta. Da yawa daga cikin cibiyoyin nan ba sayarwa suke ba, aro suke bayarwa, doki na nan a matsayin nasu, su zo su ga inda za a ajiye shi, su sa mai hawa ta hau a gabansu su gani, in ba ta kai ba su faɗa mata gaskiya, in kuma daga baya abin ya gagara sai a mayar musu ba a shiga uku ba. Ki kai ta can ta yi aikin sa kai ranar Asabar, ta kwashe kashi ta ɗebi ruwa cikin sanyin Janairu. In bazara ta zo tana nan tana so, sai a sake zama. In har an kai ga saye wata rana, likitan da KU kuka ɗauko ya duba shi, ba na mai sayarwa ba, a duba fasfo ɗinsa a haɗa da lambar 'yar na'urar shaida da ake dasa masa a wuya, tunda a can doka ce kowane doki sai da fasfo.

TAMBAYA: Ni abin da ban gane ba, me zai hana a bar su su yi ta haihuwa kawai, ko a sake su a daji su ci gashin kansu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ɗalibi ai haihuwar ita ce ta kawo matsalar. Goɗiyoyi masu asali mai kyau ana mayar da su kiwo, wannan haka ne. Amma mazan, kaɗan ne ƙwarai ake bari ingarmu, ingarma ɗaya mai suna yana iya hawan goɗiya sama da 100 a shekara, to me za a yi da sauran? Mafi yawansu tun suna gudu an dandaƙe su don su natsu, ba maganar haihuwa. Shi ya sa ma ƙungiyoyi da yawa ke rubutawa a takardar ba da doki cewa ba za a sake sa shi tsere ba, ba za a kai shi gwanjo ba, wasu su ƙara da ba barbara.

Daji kuma, dokin da tun haihuwarsa a bokiti yake cin abinci, ƙafarsa da takalmin ƙarfe, an saba lulluɓa masa bargo, in ka sake shi ka kashe shi ne a hankali. Abin da ya fi yi musu shi ne sabon aiki. Wasu su koma tsallake shinge, wasu holo, wasu yawon shaƙatawa, wasu a cibiyoyin da ake amfani da doki wajen taimakon yara masu buƙata ta musamman da tsofaffin sojoji. A Kentucky duk shekara ana gasa musamman ta tsofaffin dawakin tsere da aka sake horarwa, sunanta Thoroughbred Makeover, don dai a nuna wa masu saye cewa suna da amfani farashinsu ya tashi, tunda dokin da ke da daraja a kasuwa ba ya faɗawa motar mahauta.

TAMBAYA: Malam da girmanka. Mutane na kwana da yunwa a duniya kai kana ba mu labarin fanshon doki. Kuma duk kuɗin nan ba na caca ba ne? Turawan nan munafunci ne kawai, su gama tatsar dabba sannan su zo suna kukan tausayi. Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Malam na ji, kuma rabin maganarka ina tare da kai. Sukuwar ƙasashen nan a kan caca take tsaye, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Kuma gyaran da suke yi yawanci sai an tona asiri suke yinsa. A Ostireliya, Oktoban 2019 gidan talabijin na ABC ya nuna hotunan ɓoye na tsofaffin dawakin tsere ana dukansu ana yankawa a wata mayanka a jihar Queensland, ana cikin lokacin manyan sukuwarsu, ƙasa ta ɗauka, sai ga hukumar sukuwar jihar Victoria ta ninka abin da take cirewa daga kuɗin kyauta don kula da dawaki daga kashi 1 zuwa kashi 2 cikin 100. A Birtaniya shirin Panorama na BBC a Yulin 2021 ya ce wajen dawakin tsere 4,000 aka yanka a Birtaniya da Ayalan tun farkon 2019, daga Janairun 2022 aka sa doka duk dokin da zai yi tsere a Birtaniya sai an rubuta a fasfonsa cewa ba zai shiga abincin mutane ba. Amurka kuwa mayankar dawakinta ta ƙarshe tun 2007 aka rufe, amma ba a daina ba, lodinsu ake a tirela a tsallaka da su Meziko da Kanada, tafiyar ma ta fi ta da tsawo. To ka ga ba zan tsaya ina wanke su ba.

Inda muka rabu shi ne cewa wai kula da tsohuwar dabba al'adar Bature ce ko ɓarnar kuɗi. Kai ma ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Masu tarihin waƙafi sun ambaci wani fili a Dimashƙa, Marjul Akhdar, da aka yi waƙafinsa don dabbobin da suka tsufa ko suka gaza su yi ta kiwo a ciki har ajalinsu. Wannan tun kafin a san wata Kentucky. Kuma kuɗin da ake magana ba daga bakin mayunwaci za a cire ba, daga aljihun wanda ya ci moriyar dokin ne. Mutumin da ya iya sayen doki na miliyoyi, ya biya joki, ya biya mai horo, ya ɗauki kofi aka yi hoto, shi ne za a ce ya ware wani abu tun dokin na kawowa. Godolphin ta Sarkin Dubai Sheikh Mohammed bin Rashid, wadda tana cikin manyan bargunan tsere a duniya, tana da nata shirin na sake horar da dawakinta da nema musu gida, kuma ai haka ya kamata duk mai hali ya yi, ba ya tura wa masu karɓar sadaka ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe. Ina da doki ɗan Sudan, shekararsa 11, ya ciyo min kofuna ba ɗaya ba ba biyu ba. Bara ya samu matsala a jijiyar ƙafar gaba ta hagu, an yi allurai ya ɗan warware, muka mayar da shi fili ya sake kumbura, yanzu ɗingishi yake. Yaran barga sun ce a ƙara masa allura ya yi ko gudu ɗaya ne na bankwana. Wani dillali kuma ya taya, na san dai kudu zai loda shi. Raina bai so amma harawa ta yi tsada. Mene ne shawara? Daga wani Alhaji a Kano.

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara arziki. Tunda ka ce ranka bai so ai ka riga ka amsa rabin tambayar.

Gudun bankwana dai a bar shi. Allurar kashe zafi ba ta ɗinke jijiya, rufe wa dokin baki kawai take ya kasa gaya maka yana jin ciwo, sai ya taka da dukkan ƙarfinsa a kan abin da bai warke ba. Jijiyar da ta tsage tana son wata 9 zuwa shekara guda, a fara da hutu a turke da sanyaya ƙafar da ruwa, sannan jan shi a hannu minti kaɗan kullum ana ƙarawa sannu a hankali, kuma ko ta warke da tabo take warkewa, ba ta komawa kamar da, shi ya sa taka ta sake tashi da kuka mayar da shi da wuri. Karo na uku yana iya zubewa a tsakiyar fili da yaron mutane a bayansa. Ka ga an tashi daga asarar doki an koma maganar rai.

Dillali kuma ka san inda za a. Ana lodin dawaki daga kasuwannin arewa zuwa kudu maso gabas, Obollo-Afor a jihar Inugu sananniya ce wajen yankan doki, tafiya ce ta kwana da kwanaki a tsaye cikin mota, ga mai ƙafa uku. Kuma akwai abin da mutane ba sa lura, maganin kashe zafin da aka fi yi wa dawaki, phenylbutazone wanda ake ce wa bute, an hana shi ga duk dabbar da mutum zai ci a Turai da Amurka saboda illar da yake yi wa jinin ɗan Adam. Dokin da aka yi ta ɗirka wa allurai in ya shiga tukunya, wani bawan Allah ne can zai ci bai sani ba.

A nan wajenmu fanshon doki a wuyan mai shi yake, don haka sai mu yi da abin da ke hannu. Ka kira likitan dabbobi na gaske ya duba ƙafar, in da hali a yi hoton jijiyar, ya gaya maka matsayinta. In ya ce bayan hutu zai iya tafiya da ɗan sassarfa ba ciwo, to dokinka bai ƙare ba, shekara 11 ai tsakiyar ƙarfi ne. Dokin da ya saba da taro da ganga da ihu ya dace da hawan sallah da rakiyar ango da kilisar yamma a hankali, sai dai a samu mahayi mai hankali mara nauyi, ba yaran da za su ga fili su sake masa linzami su yi zamiya a kan kwalta ba. Holo kam kar ma a fara, juyin da ake a can ya fi sukuwa cin jijiya. In asalinsa mai kyau ne kuma ga tarihin kofuna, masu goɗiyoyi za su nemi barbararsa, wannan kaɗai yana iya ɗauke wani ɓangare na harawar.

Batun tsada, dokin da ba ya gudu ba ya buƙatar gero da dawar da kake zuba masa lokacin tsere, in ma ka ci gaba da ba shi haka yana tsaye a turke za ka jawo masa ciwon ciki ko ciwon kofato. A rage hatsin a hankali cikin sati biyu zuwa uku, kar a yanke rana ɗaya, a bar shi da ciyawa da harawa da 'yar dusa da gishiri, ruwa kuma kar ya yanke, da zafin Kano doki na iya shan lita 40 ko fiye a rana. Harawar a saye ta da kaka lokacin da take arha a adana a rumbu ko saman rufi inda ruwa ba ya taɓawa, kar a jira watan huɗu. In kana da gona a ƙauye ko wani ɗan'uwa mai fili, zamansa can ya fi masa zaman barga a birni kuma ya fi maka sauƙi, ka riƙa aika abinci da ɗan abin hannu ga mai kula.

In kuma kyauta za ka bayar, nan ne nake so ka ari dabarar mutanen can. Mu mun saba a ce "na ba ka" a yi musabaha shi ke nan, bayan wata shida ka ji an gan shi a kasuwa. Ka rubuta takarda, ko da rabin shafi ce, da shaidu biyu da mai unguwa: doki aro ne ba mallaka ba, ba za a sa shi sukuwa ba, ba za a sayar ba, in riƙo ya gagara a dawo maka da shi, kuma kana da damar zuwa ka gan shi duk lokacin da ka so. Ka ɗauki hotonsa ta gefe biyu da goshi da ƙafafu a liƙa a jiki. Wani zai ce Alhaji ya cika ƙa'ida, bar shi ya ce. Sannan ka riƙa zuwan ba zata, ka shafa haƙarƙarinsa da hannunka ka ji ko sun fito, ka ɗaga kofato ka duba, ka leƙa bokitin ruwan.

In likita ya ce ƙafar ta lalace har ba ya iya tsayuwa ba azaba, to wannan wata magana ce daban, ku zauna da likitan da malamin da ka yarda da shi a yanke abin da zai hutar da shi a gida, ba a bayan tirela ba. Sauran dawakin da ke bargarka masu gudu yanzu kuwa, daga kofi na gaba ka fara cire wani abu kana ajiyewa da sunan kowanne, ko buhun dusa biyu ne.

Masu tambaya kan kiwon zabi da suka turo tun watan jiya, na gani, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.